Babi na Shida: Farin da Ke Bakin Kogi

Taswirar ta zo hannuna a naɗe cikin tsohuwar jarida. Falle biyu ce aka liƙa da gam, gara ta ɗan taɓa gefenta, tsakiyarta kuma ta tsage daidai inda aka daɗe ana ninke ta. Wani abokina a Tamale, arewacin Gana, ne ya tsince ta cikin tarkacen mahaifinsa, wanda ya yi aikin hanya tun zamanin Turawa. Muka kai ta zauren wani dattijo a Zangon Hausawa, muka shimfiɗa a tabarma, muka danne kusurwoyinta da kofunan shayi da takalmi da waya, don iskar hunturu ba ta barin takarda ta zauna lafiya.

Dattijon ya yi noman shinkafa a fadamar Nabogo, arewa da Sabelugu, a shekarun 1970. Bai yi boko ba, amma bai nemi a karanta masa komai ba. Ya ɗora yatsa a kan jan layin hanyar da ta tashi daga Tamale ta nufi Bolgatanga, ya bi ta sannu har inda wani siririn shuɗin layi ya gitta ta, ya tsaya.

"Ga gada. To ina gonar tawa?"

Na ce, "Baba, ai gona ba ta fitowa a irin wannan."

"Kogi ya fito, hanyar mota ta fito, gidan saukar Bature ma ka ce ya fito. Amma abin da ake ci bai fito ba?"

Muka yi dariya, shi kuwa ko murmushi. Eka talatin yake nomawa a lokacin, da tarakta ta haya. A ma'aunin wannan takarda, inda inci ɗaya ke wakiltar kusan mil huɗu, gonar tasa duka ba ta kai girman ƙwayar gero ba. Ko da safiyo ya so zana ta, bakin alƙalaminsa kaɗai ya isa ya rufe rabinta.

Ni abin da ya ɗauke mini hankali daban ne. A tsakiyar takardar, wajen Kumbungu da Tolon da Sabelugu, sunayen ƙauyuka sun cunkushe har suna hawa kan juna, hanyoyin ƙafa sun sarƙe kamar saƙar gizo-gizo. Amma ana matsawa wajen kogin Farin Bolta sai rubutu ya yi ta raguwa. Kogin yana ta murɗe-murɗensa, gefensa dama da hagu takarda ce kusan fara, sai ɗan suna nan da can inda ake fito. Bahaushen da ya tashi a bakin Rima ko Haɗeja ya san mutane kan bi ruwa ne, gari kan zauna inda fadama take. Nan ga ruwa, ga fadama, mutane kuma sun ja da baya sun hau tudu, inda rijiya ke ƙafewa tun kafin tsakiyar rani.

Kafin a zo ga dalilin wannan fari, ya kamata a san wanda ya zana takardar da abin da yake nema.

Hausawa sun san wannan ƙasa tun kafin wani ya auna ta. Ayarin goro kan tashi daga Kano ko Sakkwato, ya ƙetare Kwara, ya ratsa Borgu, ya sauka Sansanin Mango, ya bi ta Yandi ya shiga Salaga. Taswirar madugu a ka take: zango nawa tsakanin nan da can, wane mashigi ne jaki ke iya ƙetarewa bayan ruwa ya ja, wane sarki ne fitonsa ke da tsada. Har takarda akan rubuta. Lokacin da Joseph Dupuis, jakadan Ingila, ya zauna a Kumasi a 1820, daga hannun Musulmin garin ya karɓi jerin zanguna da haruffan Larabci, da su ya yi ƙoƙarin gane yadda arewa take. Masu zanen Turai na lokacin kuwa, suna zaune a Landan da Faris, sun shimfiɗa wani dogon jerin duwatsu da suka kira Duwatsun Kong, tun daga taswirar James Rennell ta 1798, suka ratsa da shi Afirka ta Yamma kamar katanga. Shekara kusan casa'in ana kwafe wannan katanga daga taswira zuwa taswira, alhali ayari na wucewa ta wurin kowace shekara bai taɓa cin karo da ita ba. Sai da wani hafsan Faransa, Louis Binger, ya taka ƙasar da ƙafarsa, ya ratsa ta Walewale da Salaga a 1888, ya koma gida ya ce babu su, sannan aka fara goge su.

Wanda ya fara yi wa wannan yanki awo na sosai ɗan ƙasa ne, Bafante daga Anomabu a bakin teku, George Ekem Ferguson. Ya koyi awo da ilimin duwatsu a Landan, gwamnatin Gwalkwas, wato Gana ta yau, ta turo shi arewa a 1892 da kuma 1894, har ya kai Wagadugu. Kamfas na hannunsa ɗaya, takardar yarjejeniya na ɗayan, yana zana hanya yana sa sarakuna su dangwala hannu. Mayaƙan Samori suka kashe shi kusa da Wa a 1897. Ina ganin girman aikinsa, amma ba na mantawa da abin da aka aike shi yi: Ingila da Jamus da Faransa suna tseren wa zai riga kafa tuta, taswira kuma ita ce shaidar da ake kai wa teburin rabo. A 1888 Ingila da Jamus sun ware wani murabba'in fili da ya haɗa Salaga da Yandi suka ce ba na kowa ba ne a tsakaninsu. A 1899 suka raba shi, suka ɗauki kogin Daka a matsayin iyaka. Da wannan layi ɗaya aka tsaga masarautar Dagomba biyu, sarkinta Ya Na yana Yandi a hannun Jamus, Tamale da Sabelugu suna hannun Ingila. A taswirorin Jamus na Togo, waɗanda Paul Sprigade ya haɗa a Balin, sunan garin da harafin J ya fara. Sai da aka yi Yaƙin Duniya na Farko aka kori Jamus sannan ƙasar ta sake haɗuwa.

Ita kanta Tamale da hannun mai awo ta zama birni. Watherston, injiniyan soja ne da ya shugabanci aikin safiyo a Gwalkwas kafin a naɗa shi babban kwamishinan Arewa, a zamaninsa aka ɗauke hedkwata daga Gambaga aka dawo da ita nan a 1907. Wanda ya gaje shi a aikin awon, Gordon Guggisberg, ya zo Najeriya ya zama babban safiyo, daga baya ya koma Gwalkwas ya yi gwamna daga 1919 zuwa 1927. Ƙasar da masu awo suka yi mulki haka, sai a zaci an auna ko'ina daidai. Ina! Kuɗin awo ya fara tafiya ne inda zinariya take, wajen Tarkwa, inda kamfanoni ke rigima kan iyakar haƙa, sannan ƙasar koko. Arewa wurin ɗebo leburori ce da sojoji. Abin da Disi ke buƙata daga taswirarta shi ne hanya, da wurin kwana, da mashigi, da sunan ƙauyen da zai aika a kawo masa 'yan dako. Shi ya sa gidan saukar Bature ya fito, gonar Baba ba ta fito ba.

Sai layukan nan masu ruwan ƙasa da ke zagaye tudu suna bin kwari, waɗanda su ne suka bambanta irin wannan taswira da zanen hanya kawai. Kowane layi yana haɗa wuraren da tsayinsu daga teku ɗaya ne. In sun matsu da juna, gangare ne mai tsauri, kamar yadda suke tattaruwa a bakin dutsen Gambaga. In sun warwatsu, fili ne shimfiɗaɗɗe. A kewayen Tamale warwatse suke ƙwarai. Ko a manyan taswirorin da aka yi daga baya da hoton jirgin sama, inda santimita biyu ke wakiltar kilomita ɗaya, tazarar layi da layi ƙafa hamsin ce, wato wajen mita 15. Mutum na iya tafiyar rabin yini a fadamar Nabogo ko ta Nasiya bai hau ko ya sauka ƙafa hamsin ba. Duk rayuwar manomin kwari kuwa cikin kamu biyu ko uku take. Nan ruwa ke kwanciya wata uku, shinkafa. Taku arba'in gaba ƙasa ta ɗan ɗaga, ruwa na taɓawa ya janye, masara. Can sama inda ɗorawa da kaɗanya suka tsaya, doya da gyaɗa da dawa. Wanda ya kuskure da kamu ɗaya ya yi shukar banza. Wannan ilimi duka ya faɗa tsakanin layi biyu, inda takarda ba ta ce komai ba.

Na gwada yi wa Baba bayanin layukan. Ya saurara har na gama, sannan ya ce, "Ɗana, mu ciyawa muke dubawa. Akwai wadda in ka gan ta ka san ruwa na kwana a wurin. Kuma muna duban suri, gara ba ta gini inda za ta nutse." Dagombawa na da kalma ɗaya, baa, ga irin wannan kwari mai riƙe ruwa, kamar yadda muke cewa fadama. Tindana, mai kula da al'adun ƙasa, da sarkin ƙauye, su suka san inda kowace ta fara da inda ta ƙare da wanda aka ara wa. Ba a taɓa buƙatar takarda ba, sai ranar da tarakta ta zo.

Yanzu farin bakin kogi.

Akwai wani ɗan ƙaramin baƙin ƙuda, bai kai ƙudan gida ba, mai ɗan doro, yana cizo da rana. Ba ya ƙwai a tafki ko kududdufi kamar sauro, sai a ruwa mai gudu, inda kogi ke dukan duwatsu yana kumfa. Idan ya ciji mutum yakan sa masa wata tsutsa da ke girma a ƙarƙashin fata, ta yi kullutu, ta shekara goma har sha huɗu tana haihuwar 'ya'ya dubbai. 'Ya'yan ke yawo a jiki, su kawo ƙaiƙayin da ke hana barci, fata ta yi kaushi ta yi dabbare-dabbare, a ƙarshe su shiga ido. Cizo ɗaya ba ya makantarwa. Tarin cizo ne na shekara da shekaru, shi ya sa masunci da mai fito da manomin bakin ruwa su ne kan gaba, kuma makantar kan same su daidai lokacin da suke da ƙarfin riƙe gida. Harold Ridley, likitan ido na Ingila, ya je Funsi a 1944 ya duba idanun mutane ya rubuta abin da ya gani. Kwarurukan Sisili da Kulpawn da Jan Bolta su suka fi shan wahala, amma Farin Bolta ma bai tsira ba.

A 1966 wani masanin labarin ƙasa, John Hunter, ya wallafa binciken da ya yi a Nangodi, bakin Jan Bolta. Ya bi kufai ɗaya bayan ɗaya, ya nuna abin yana zagayowa ne. Tudu ya cika, ƙasa ta gaji, yunwa ta tura matasa su gangara kwari inda ƙasa ke da ƙarfi. Su yi shekaru suna cin amfani. Sai makanta ta fara kama magidanta, 'yan mata su ƙi auren ƙauyen, samari su gudu kudu. Mutane na raguwa, cizon da ke kan kowane mutum ɗaya na ƙaruwa, har ƙauyen ya watse, saura su koma tudu. Bayan an manta, jikoki su sake gangarowa. Ba ƙuda kaɗai ya kori mutane ba, akwai hare-haren Zabarmawan Babatu da na Samori a ƙarshen ƙarni na 19, akwai tsando da ciwon barci, daga baya kuma gwamnati ta killace wasu bakin koguna ta mai da su gandun daji. Amma ƙudan shi ne wanda bai taɓa tashi ba.

Ke nan safiyon da ya zo da sarƙar awonsa ya tarar da kwarin ne a lokacin da ruwan mutane ya janye, ya zana abin da ya gani. Bai yi ƙarya ba. Matsalar tana wajen mai karantawa. Takarda ba ta tsufa a ido yadda mutum ke tsufa, wanda ya buɗe ta bayan shekara talatin a ofis a Ankara yana ganin fili fari ne, sai ya ce ƙasa ce da ba ta da mai ita. Doka ma ta taimaka masa, domin tun zamanin Turawa aka sa ƙasar Arewa a hannun gwamna, ba a mayar wa sarakuna da masu ita ba sai a tsarin mulkin 1979. Da gwamnatin Acheampong ta ƙaddamar da shirin ciyar da kai a 1972, bashin banki ya samu, taki ya yi araha, sai 'yan kasuwa da manyan ma'aikata da hafsoshi suka kwararo Nasiya da Nabogo da Fumbisi da taraktoci. An sami shinkafa, ba a musu. An kuma sami gonakin da wuta ke cinyewa daf da girbi, musamman a Fumbisi, ba a san wanda ya kunna ba, kowa kuma ya san dalili. Na tambayi Baba ko shi ma an taɓa ƙona masa. Ya ce shi goro ya kai wa sarkin ƙauye kafin ya sa garma, kuma duk shekara buhu biyu na tafiya gidan.

Shekarar da aka juya lamarin ƙudan ita ce 1974. Robert McNamara, shugaban Bankin Duniya, ya ziyarci ƙasar da a yau ake kira Burkina Faso a 1972, ya ga yara suna jan iyayensu makafi da sanda. Bayan shekara biyu aka kafa shirin yaƙi da makantar kogi a ƙarƙashin Hukumar Lafiya ta Duniya, hedkwatarsa a Wagadugu, da ƙasashe bakwai a farko har suka kai sha ɗaya. Dabarar ita ce a kashe 'ya'yan ƙudan a ruwa, mako-mako, har tsutsar da ke jikin mutane ta tsufa ta mutu ba ta sami mai ɗaukarta ba. Jirage masu saukar ungulu suka riƙa bin koguna suna zuba magani a saman kowane wuri mai gudu. A nan tsofaffin taswirori suka yi rana, domin matuƙi na buƙatar sanin kowace ƙorama da kowane gangaren dutse, wanda aka tsallake ɗaya ya isa ya ɓata aikin wata guda. Daga 1987 kamfanin Merck ya fara ba da ƙwayar Mectizan, maganin cutar, kyauta. Da aka rufe shirin a 2002, lissafin hukumar shi ne an 'yantar da fili mai faɗin hekta miliyan 25 a yankin.

Mutane suka gangara. Wanda ya ɗora hoton tauraron ɗan'adam na yau a gefen takardar abokina zai ga farin nan ya cika da gonakin masara har bakin gaɓa, da lambunan rani masu injin ban ruwa, da rugagen Fulani, da masu ɗibar yashi. (Gargaɗi ga mai son gwadawa: awon da ke kan tsohuwar taswirar Gana da wanda waya ke bayarwa ba daga tushe ɗaya suke ba, suna iya saɓawa da wajen mita 300. Na taɓa tsayawa a kan busasshen tudu waya na rantsuwa cewa ina tsakiyar kogi. Hatta ƙafar da Gwalkwas ta yi awo da ita ta ɗan gaza ƙafar da duniya ta sani, da abin da bai kai kaurin gashi ba.)

Sai dai kwarin da aka komo ba shi ne wanda aka bari ba. Daga kudu, dam ɗin Akosombo da aka gama a 1965 ya tara tafkin da ya haɗiye tsohon garin Kete Karachi, ya tashi mutum wajen 80,000, bakin ruwansa ya miƙo har kusa da Yapei, wadda tsofaffin taswirori ke kira tashar jirgin ruwan Tamale. Daga arewa kuma Burkina Faso ta gina dam ɗin Bagre a kan kogin a farkon shekarun 1990. Duk shekarar da ya cika, wajen Agusta ko Satumba, sai a buɗe ƙofofinsa, rediyo ta yi ta shela a Tamale da Bolgatanga cewa na bakin kogi su tashi. Ruwan kan iso daidai lokacin da masara ta fara bunni. A 2007 ya haɗu da ruwan sama mai yawa, aka yi asarar rayuka da gidaje da amfanin gona a duk Arewa. An aza tubalin dam ɗin Pwalugu a 2019 da alkawarin zai riƙe wannan ruwa, har yanzu kogin na wucewa ta wurin yadda ya saba.

A nan ne tsohuwar takardar ta ba ni mamaki. A gefen kogin da bakin ƙoramu akwai wasu 'yan gajerun zane-zane shuɗaye kamar tsiron ciyawa, alamar wurin da ruwa ke malalewa da damina. Safiyon bai iya nuna kamu biyu da layin tudunsa ba, amma ya ga laka, ya ga irin ciyawar, wataƙila kuma ya tambayi mai ɗaukar masa kaya, sai ya sa alama. Mun duba cikin Tamale kanta da kewayenta, muka ga irin alamar a wuraren da yanzu gidajen bulo ne jere, an yanka fuloti an sayar, kowace damina kuma masu gidan na kwashe katifu zuwa kan tebur.

Na nuna wa Baba shuɗayen zanen da ke gefen gadar Nabogo, na ce ga abin da suke nufi. Ya sunkuya sosai, don idonsa na hagu ya daɗe da yin hazo, bai kuma taɓa gaya mini ko na tsufa ne ko na kogi ba. Ya bi alamar da farce zuwa yamma har ta ƙare, ya wuce ta da kamar faɗin yatsa, ya danna.

"Shekarar babban ruwa nan ya kawo. Akwai wata kuka a wurin, mun ɗaure kwalekwale a jikinta."

Abokina ya laluba aljihu ya ciro fensir, ya dube ni, ya dubi takardar mahaifinsa, sannan ya sa ɗan ɗigo a wurin.